Wanda aradu ta faɗa wa, ya tashi

Ƴan uwa manoma, ga damana ta sauka, kullum da marece sai hadari. Ku sani, cikin mutum 10 da aradu ta faɗa wa, wajen 9 suna rayuwa. Amma ba duka ke komawa yadda suke ba.

Aradu wutar lantarki ce mai ƙarfin gaske. A jikinmu kuwa, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa hannu da ƙafa ta cikin jijiyoyi, kamar ƴan wayoyin da ke cikin rediyonku. In wutar ta bi jiki, su take taɓawa.

Da farko mutum yana suma. In ya farfaɗo, sau da yawa ƙafafunsa sun yi sanyi, ba su motsi. Kada ku ce ya gurgunce: wannan yakan sake shi cikin ƴan awoyi. In kuwa ba ya numfashi, ku kama shi nan take. Wasu na cewa ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Wuta ba ta zama a jikinsa, jira ne ke kashe shi. Ku kwantar da shi rigingine, ku danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, ku hura masa iska a baki sau 2, ku yi ta maimaitawa. Ko ya miƙe da ƙafarsa, a kai shi likita.

Abin da ya fi damuna shi ne na baya. Ƙunar fata ta warke, kowa ya ce ya samu sauƙi. Sai ga mantuwa: an aike shi kasuwa, ya manta saƙon. Ga ciwon kai, ga rashin barci, ga saurin fushi da iyali. Ya ɗauki hauya, kunya biyu ya gaji. Wani kunnensa ya toshe, wani hannunsa na zugi, wani farfaɗiya ta kama shi. Wannan na iya ɗaukar watanni, ko shekaru.

Ba lalaci ba ne, ba iskoki ba ne. Rauni ne a ƙwaƙwalwa da jijiya, ido ba ya ganinsa. Ku rage masa aiki, ku ba shi saƙo ɗaya ɗaya. Kada ya shiga rijiya ko ya hau itace tukuna. Ku mayar da shi likita, ku gaya musu ranar da abin ya faru. Idan ganinsa ya fara dushewa, ko bayan shekara ne, ku faɗa: aradu tana kawo yanar ido, kuma ana cire ta.