Renon 'Ya'yan Kifi a Akwatin Gilashi Mai Tsirrai

A ƙasar Hausa an san kifi a kogi da tafki da kududdufi, an kuma san shi a cikin miya. Wanda ba a saba da shi sosai ba shi ne kifin ado, watau wanda a ke ajiyewa a ɗaka cikin akwatin gilashi mai ruwa domin kallo kawai. Turawa na kiran wannan akwati akwariyam. Masu wannan sha'awa iri biyu ne. Wasu tsakuwa da furen roba su ke zubawa a ciki, wasu kuwa su kan shimfiɗa yashi su dasa tsirran ruwa na gaske, har akwatin ya zama kamar an yanko wani yanki na rafi an kawo shi ɗaka. A irin wannan akwati na biyu ne wani abu kan faru wanda ya ke ba sabon shiga mamaki. Sai ya wayi gari ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu, ido biyu da wutsiya, suna maƙale a ƙarƙashin ganye, alhali kuwa bai sayo su ba, bai kuma yi shirin zuwansu ba.

Daga ina su ka fito?

Akasarin kifayen duniya ƙwai su ke zubarwa a ruwa, don haka ya kan yiwu ƙwan wani kifi ya manne a jikin tsiron da a ka sayo, ya zo ya ƙyanƙyashe a gidan da ba a san iyayensa ba. Amma galibi ba ta nan baƙin su ke shigowa ba. Mafi yawan lokaci aikin wani ɗan kifi ne da a ke kira gupi, ko kuwa danginsa, waɗanda su haihuwa su ke yi.

Asalin gupi daga arewa maso gabashin Amurka ta Kudu ne, wajejen Benezuwela da tsibirin Tirinidad. Wani Bajamushe masanin dabbobi, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1859, ya sa masa suna Poecilia reticulata. A 1866 kuma a ka sake raɗa masa suna a Landan don girmama Robert John Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad. Masana sun koma wa sunan farko, amma a bakin jama'a na biyun ne ya zauna. Namijin ƙarami ne, bai cika wuce santimita 3 ba, sai dai ado kamar angon da a ka naɗa wa rawani. Macen ta fi shi girma, launinta kuma bai kai nasa haske ba.

Macen gupi ba ta zubar da ƙwanta. A cikinta ya ke zama, ɗan ya yi ta cin gwaiduwarsa har ya kammala, sa'an nan ta haife shi yana iyo. Cikin ya kan ɗauki kamar mako uku zuwa huɗu, gwargwadon ɗumin ruwa. Ƙaramar mace ta kan haifi 'ya'ya ƙalilan, babba kuwa ta kan haifi talatin ko hamsin, wani lokaci fiye. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tana iya adana maniyyin namiji a jikinta wata da watanni, ta riƙa haihuwa da shi a kai a kai. Wani bincike da a ka buga a 2013 kan gupin wani rafi a Tirinidad ya nuna cewa a kan haifa wa namiji 'ya'ya har bayan wata goma da mutuwarsa. Ke nan wanda ya je kanti ya zaɓi mata zalla, don gudun hayayyafa, bai tsira ba. Muddin sun taɓa zama da maza a wurin mai sayarwa, da guzurinsu su ka zo.

Aikin tsirrai

Hatsarin farko da ɗan gupi zai fuskanta daga cikin gida ya ke. Karfasa, wadda masunta su ka sani sarai, ta kan ɗauki ƙwanta a baki ta hana kanta abinci har su ƙyanƙyashe. Gupi ba ruwanta da wannan ɗawainiya. Da zarar ta haihu, duk abin da ya motsa kuma ya shiga bakinta abinci ne, ko da ɗanta ne. Sauran kifayen akwatin ma haka. Tsawon jaririn bai wuce milimita 6 ko 7 ba, saboda haka a akwatin da ba kome sai tsakuwa a kan cinye haihuwa guda kafin mai gida ya farka, bai ma san an yi ta ba. Wannan ne dalilin da ya sa a akwati mai tsirrai a ka fi ganin waɗannan baƙi. Haihuwar ɗaya ce a ko'ina, mafaka ce ta bambanta.

Ba kowane tsiro ne ke ba da mafaka ba. Mai faffaɗan ganye yana da kyan gani, amma babban kifi na kewaya shi cikin sauƙi. Wanda ya ke da amfani shi ne mai siraran ganye a cunkushe, inda ƙarami zai kutsa babba ya kasa. Masu kiwo a ƙasashen waje sun fi yabon wata gansakuka da a ke dangantawa da tsibirin Jaba, wadda ke kama dutse da itace ta yi tuƙu-tuƙu. Ga wanda ke nan ƙasar kuwa, ba sai ya je da nisa ba, domin kainuwa tana wannan aiki ƙwarai. Tana yawo a saman ruwa, saiwoyinta na reto kamar gemu, 'ya'yan gupi kuwa da ma sama su kan nufa bayan haihuwa. Kainuwa dashen Allah ce a tafki, amma a ɗaka tana bukatar haske sosai, ba ta kuma son murfin da ke ɗigo mata raɓa a ganye. Akwai kuma sharaɗi babba. Wadda a ka tsinko daga kududdufi ta kan zo da 'ya'yan mazari, waɗanda ke farautar ƙananan kifi, ta kan kuma zo da katantanwa, cikinsu har da irin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Wajibi ne a wanke ta, a tsince ta, a ajiye ta a wani bokiti dabam na 'yan makonni kafin ta shiga akwati.

Mafaka ba ita kaɗai ce amfanin tsirrai ba. A jikin kowane ganye da kowace saiwa akwai wani ɗan yauƙi da ido ba ya raba abin da ke cikinsa, amma madubin ƙara girma ya kan nuna shi cike da ƙananan halittu masu rai. Waɗannan su ne abincin farko na ɗan kifi. Wanda ya zauna ya lura zai ga 'ya'yan suna ta tsattsagar saiwa wuni zubur, kamar 'yan tsaki a juji. Shi ya sa a tsohon akwati mai duhun tsirrai a kan iske ɗan kifi ya yi mako biyu yana girma ba wanda ya ba shi kome.

Aiki na uku ya shafi tsabtar ruwa, shi ne kuma ya fi wuyar gani. Kifi na fitar da wani sinadari mai suna amoniya, ragowar abinci ma in ya ruɓe shi ya ke zama, kuma guba ne ko da kaɗan ne. A akwatin da ya daɗe akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, zaune a jikin tsakuwa da cikin na'urar tace ruwa, waɗanda ke juya amoniya zuwa naitirait, shi ma guba, sa'an nan zuwa naitiret, wanda cutarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Su kuwa tsirrai taki ne a wurinsu, sai su zuƙe. Da rana kuma suna sakin iskar oksijin. Tun a 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton yadda ya riƙe kifayen ado da tsiron ruwa da katantanwa a mazubi guda, kowane na rayuwa da abin da ɗan'uwansa ya fitar. A kan wannan fahimta a ka gina kiwon kifin ado na zamani.

Abin da ya rage wa mai akwati

Tun da tsirrai sun ɗauke mafi yawan nauyin, abin da a ke bukata daga mai akwati kaɗan ne, kuma yawancinsa haƙuri ne. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗoki. Sai ya ɗauko 'yar koma ya shiga farautar jarirai cikin ganye, ya tumɓuke shuka, ya dama ruwa, ya kwashe su zuwa wata kwalba mai sabon ruwa inda babu bakteriya babu abinci. Kwana uku sai ya tarar sun mutu, garin neman gira an rasa ido. Akwai kuma ɗan kejin roba da a ke sayarwa don a kulle mace mai ciki har ta haihu. Yana ceton 'ya'ya, amma ƙuncinsa na wahalar da uwar, bai kuwa kamata ta wuce kwana ɗaya ko biyu a ciki ba.

Gyara ɗaya ne ba ya jiran gobe, watau bakin na'urar tace ruwa. Ƙarfin zuƙarta ya fi ƙarfin ɗan kifi, ta kan haɗiye shi. Maganin abin shi ne a sa wa bakin soso mai laushi wanda sabulu bai taɓa shi ba. Bayan ɗan lokaci sosan kansa ya kan zama wurin kiwo.

Wajen abinci, cikin ɗan kifi ƙanƙane ne, narkewarsa kuma da sauri, don haka kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana ya fi mai yawa sau ɗaya. A kan murtsuke abincin manya da yatsa har ya zama gari. Wasu su kan ba da gwaiduwar dafaffen ƙwai, abin da bai wuce kan allura ba, amma tana saurin ɓata ruwa. Abin da masu kiwo su ka fi amincewa da shi shi ne 'ya'yan wani ƙanƙanen jatan lande na ruwan gishiri, mai suna Artemia, wanda a ke sayar da busasshen ƙwansa. In an zuba shi a ruwan gishiri mai ɗumi ana hura masa iska, ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ko wane iri a ka ba su, ƙa'idar ita ce kada a bar saura, domin yunwa ba ta kashe 'ya'yan kifi a akwati mai tsirrai kamar yadda ruɓaɓɓen abinci ke kashe su.

Ruwa kuma a riƙa rage kamar kashi ɗaya cikin biyar kowane mako ana maye gurbinsa da wanda ɗuminsa ya yi daidai da na ciki. Ruwan famfo na iya ƙunsar kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriya baki ɗaya, sai an sa masa maganin da a ke sayarwa don haka. Gupi ya fi walwala tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salshiyas. A yawancin shekara ɗakin ƙasar Hausa ya wadatar, har zafin bazara ya kan yi yawa, amma a daren hunturu ƙaramin akwati na saurin yin sanyi, jarirai kuwa su ne farkon jin jiki.

Inda wahalar ta ke

Ceton haihuwar farko abin farin ciki ne, sai dai daga nan lissafi ya ke canzawa. Kafin 'ya'yan su cika wata uku sun balaga, uwarsu kuwa ba ta daina ba. A ɗauka, alal misali, mace guda na haihuwar ashirin kowane wata, rabi suna tsira. Cikin wata shida ita kaɗai ta ƙara kifi sittin, ban da jikoki. Akwati mai lita 60 ba zai ɗauki wannan ba, ko da tsirransa sun kai yaya. Amoniya za ta fi ƙarfin masu zuƙe ta, girman kifayen ya tsaya, cuta ta shigo. Daɗin daɗawa, wa da ƙanwa ne ke ta haɗuwa, bayan 'yan zuriyoyi a kan fara ganin masu karkataccen baya.

Saboda haka mai hankali tun da wuri ya ke yanke shawara. Wajen mako huɗu ana iya rarrabe jinsi: mace na da baƙin tabo a ƙarshen cikinta, shi kuwa namiji fiffiken da ke ƙarƙashin cikinsa ya kan tsuke ya zama kamar tsinke, da shi ya ke barbara. Sai a raba su akwati biyu kafin su balaga, a ba abokai wasu, a mayar wa mai kanti wasu in zai karɓa. Akwai kuma waɗanda ke barin abin yadda ya ke, manya su ci abin da su ka samu, masu wayo su tsira. Mai tausayi zai ga kamar rashin imani ne, amma a rafin Tirinidad ma haka abin ya ke, kuma ya fi a tara ɗari su mutu a ruwa mai guba.

Hanya ɗaya ce ba ta da kyau ko kusa, ita ce kuwa ta fi sauƙi: a juye rarar a kwata ko rafi. An daɗe ana kai gupi ƙasashe dabam-dabam don ya ci tsutsar sauro, har ya zama ɗan gida a magudanan ruwan Legas. Amma ba tsutsar sauro kaɗai ya ke ci ba, yana cin ƙwai da 'ya'yan kifayen da ya tarar, yana kuma yin gasar abinci da su. A 2011 masana daga Jami'ar St Andrews ta Sikotilan da Jami'ar West Indies sun buga sakamakon wani gwaji da su ka yi a Tirinidad, inda su ka sa mace guda mai ciki a kowane tanki su ka bar ta. Bayan shekara biyu, tanki 86 cikin ɗari na ɗauke da zuriya mai ci gaba da hayayyafa. Binciken ya kuma ƙirga ƙasashe aƙalla 69 da gupi ya kafu a cikinsu bayan ƙasarsa ta asali.