Jarrabawar da Ke Auna Kirdado

A jami'o'inmu maki 70 ke bai wa ɗalibi A, amma a ganina ba karatu kaɗai ke kai shi can ba. Sau da yawa tambaya takan zo a dunƙule, ɗalibi ya ɓata rabin lokacinsa yana kirdadon abin da malami ke nufi. Sakamako ya fito, ba ya ganin takardarsa, balle ya san inda ya kuskure, sai ya maimaita kwas ɗin da kuskuren duka. Ina shawartar ɗalibi ya nemi tsofaffin tambayoyi tun farkon zango, ya tunkari malami cikin ladabi. In ya tabbata an tauye shi, ya rubuta wa shugaban sashe a sake duba takardarsa.