Tafiyar Kilomita 100 Don Yaƙi da Talauci

A 1981, sojojin Gurkha, 'yan Nepal da ke aiki a rundunar Birtaniya a Hong Kong, suka ƙirƙiro wa kansu atisaye mai tsanani: su ratsa hanyar MacLehose mai tsawon kilomita 100 da ƙafa, hawa da gangara, su ga wa zai kai labari. Horon soja ne, sojoji kawai ke shiga. Sai a 1986 aka buɗe wa farar hula ƙofa, ƙungiyar agaji ta Oxfam ta shigo cikin shirin, atisayen ya rikiɗe ya zama tattakin tara kuɗi da ake kira Trailwalker. Da Birtaniya ta miƙa wa China ragamar Hong Kong a 1997, sojojin suka tafi da al'adar zuwa Ingila, inda ake bin tuddan South Downs har garin Brighton. Daga baya ta bazu zuwa Ostareliya da Indiya da Faransa.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa, cika ta ne aiki. Mutum huɗu ke haɗuwa su zama ayari. A Hong Kong ana ba su sa'o'i 48, a Ingila kuwa 30. Nisan ya zarce na Kaduna zuwa Zariya, ga shi hanyar Hong Kong tana bi ta Tai Mo Shan, dutsen da ya fi kowane tsawo a yankin, mita 957. An yi zango-zango a hanya, kuma a kowane zango sai an ga 'yan ayarin tare kafin a rubuta sun iso. Mai sauri ba ya wuce 'yan'uwansa, tafiyar mafi rauni ita ce tafiyar kowa. Abin da ke kayar da mutane ba kasafai yake zama rashin ƙarfi ba. Bororon ƙafa ne, da ciwon gwiwa a gangara, da barcin da ke fizgar mutum gab da asuba yana tafe da fitila a goshi. Shi ya sa kowane ayari ke da masu yi masa hidima, su tare shi a zango da abinci mai zafi da busasshiyar safa.

To ina kuɗin ke fitowa? Ai tafiya ba ta haƙa rijiya, ba ta sayen iri. Tun kafin ranar tashi, kowane ayari yana ɗaukar alkawarin tara wani adadi, sai 'yan ayarin su bi dangi da abokai da abokan aiki suna neman gudummawa, yanzu galibi ta intanet. A nan dabarar take. Mutumin da zai yi biris da takardar roƙo daga ƙungiyar da bai sani ba, kunya ba za ta bar shi ya hana ƙaninsa da ke shirin kwana biyu a kan dutse ba. Wahalar mai tafiya shaida ce cewa da gaske yake, zumunci kuma shi ke buɗe aljihu.

Amurkawa suna da irin nasu, mai sauƙi. Tattakin CROP na ƙungiyar Church World Service, wanda ya samo asali a ƙarshen shekarun 1960, gajere ne, yara da tsofaffi duk suna shiga, kuma ana barin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a garin da aka yi tafiyar don ciyar da mabuƙatan wurin. Wannan tsari ya fi kwanta mini, domin mai bayarwa yana iya ganin inda wani ɓangare na kuɗinsa ya sauka.

Mu ma a Najeriya ba baƙin tattaki ba ne. Bayan zaɓen 2015 an ga matasa suna taka sayyada daga gari zuwa gari, har da wanda ya taso daga Legas zuwa Abuja, don taya 'yan siyasa murna. Ƙafafu sun sha wuya, an ɗauki hotuna, amma manufar tafiyar ba tara wa marayu ko 'yan gudun hijira kuɗi ba ce.

Sai dai tattakin agaji ma yana da abin dubawa. Shirya taron dubban mutane yana cin kuɗi: inshora, motocin asibiti, ruwan sha, talla. Duka daga abin da ya shigo ake cirewa, don haka adadin da ake shelantawa ranar biki ya bambanta da wanda ke isa ƙauye. Ga kuma batun amana. A 2018, da jaridar The Times ta fallasa lalatar da wasu ma'aikatan Oxfam suka yi a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, dubban masu ba da gudummawa a Birtaniya sun janye hannunsu. Duk wanda aka zo wa da neman tallafin tattaki yana da haƙƙin ya tambayi nawa ke saura bayan an cire kuɗin hidima, kuma a nuna masa rahoton kuɗin ƙungiyar na shekara kafin ya sa hannu a aljihu.