Abin da Majo ya Rubuta, Shi Alƙali Zai Karanta

A 1996, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta don a tabbatar yaran nasu ne. Shekara 15 ke nan, kuma babban abin da ya wahalar da iyaye shi ne hujjar da za su nuna.

A Amurka irin wannan matsala ta neman hujja ta haifar da sana'a sukutum. Ma'aikacin jinya da ya daɗe a bakin aiki yakan koma yana karanta wa lauyoyi takardun asibiti: wane magani aka ba da, da ƙarfe nawa, wa ya sa hannu, ina aka yi sakaci. Ba lauya ba ne, ba ya kuma yanke hukunci. Ƙungiyarsu ta kafu tun 1989.

Mutumin Kalfu, a yankin Tawa na Nijar, shi ma ba ya rasa ranar da zai buƙaci irin wannan ido. Kabu-kabu ya kaɗe yaro a hanyar Tawa, ko an sari manomi a rikicin ɓarnar gona da kaka, ko ɗan ci-rani ya dawo da hannu a karye daga wurin gini. Wanda ya fara ganin raunin galibi majo ne, wato ma'aikacin jinya na gidan likitar gari. Jandarma za su nemi takardar shaida ta likita, wadda ke faɗin girman rauni da yawan kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba, kuma alƙali yana duba wannan adadi wajen auna laifi da diyya. Wanda ya fara zuwa wurin mai ɗori, ya yi sati biyu a gida kafin ya nufi asibiti, ya raunana ƙararsa da kansa, don kumburi ya saɓe, miki ya fara kamewa.

Shi ya sa ba a ƙulle gyaɗa da takardar magani. Karne, rasit, hoton ƙashi, har kwalin allura, a adana su cikin leda, a kuma duba an rubuta kwanan wata da sa hannu da hatimi. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don tallafa wa talaka a gaban shari'a, sai ya tambaya a kotun Tawa.

Su ma ma'aikatan jinya masu sha'awar sana'ar karanta wa lauyoyi takardun asibiti su yi hattara da masu tallar kwas a intanet, suna alkawarin daloli. Takardar da aka saya ta waya ba ta sa kotun Nijar ta kira mutum, domin alƙali ne ke naɗa ƙwararren da zai duba lamari, kuma a harkar rauni da mutuwa likita yakan nema. Sannan asirin majinyaci yana da doka a kansa: ma'aikacin da ya miƙa wa wani takardun mara lafiya ba da izini ba, ko dangi ne suka roƙe shi, yana iya tsintar kansa a gaban alƙali.