Yadda ƙuri'a ta kashe harajin gyatsar shanu a Niyu Zilan

Jama'a, ran da labari ya fara zuwa mana a kara cewa wata ƙasa za ta sa wa shanu haraji saboda gyatsa, dariya muka yi, muka ce abin Turawa sai su. To amma da muka bi diddigi sai muka ga maganar babba ce, domin dai ta shiga cikin abubuwan da aka yi yaƙin neman zaɓe da su, kuma ta shafi duk mai cin abinci da bayan saniya.

Ƙasar ita ce Niyu Zilan, tsibirai ne can gaba da Ostareliya. Mutanenta ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba, amma shanunsu sun kai kimanin miliyan 10, tumaki kuwa sun haura miliyan 20. Kowane ɗan tireda a cikinmu ya san madarar gari. To su ne kan gaba wajen sayar da ita a duniya.

Ga inda matsalar take. Saniya idan ta ci ciyawa ta kwanta tana tuƙa, akwai wasu ƙananan halittu a tumbinta masu narkar da abincin, daga nan iskar da ake kira metan ke fita, galibi ta baki. Masana sun tabbatar wannan iska tana riƙe zafi a sararin sama fiye da hayaƙin kabon na motoci, ko da yake ba ta daɗewa kamarsa. Kusan rabin iskar ɗumama duniya da ƙasar ke fitarwa daga gonaki da garkuna take.

Tun 2003 gwamnatin Helen Clark ta nemi karɓar 'yan kuɗi a kan kowace dabba don bincike. Manoma suka yi ca, har wani ɗan majalisa na jam'iyyar National, Shane Ardern, ya hau matakalar majalisar dokoki da tarakta. A shekarar aka janye. Da aka kafa kasuwar biyan kuɗin hayaƙi a 2008, masana'antu da masu mai suka shiga, makiyaya kuwa aka yi ta ɗaga musu ƙafa shekara bayan shekara.

Gwamnatin Jacinda Ardern ce ta ce ya isa. A 2019 aka yi doka cewa a rage metan ɗin dabbobi da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030, da kashi 24 zuwa 47 kafin 2050. Aka zauna da shugabannin manoma a wata tafiya mai suna He Waka Eke Noa, wato da harshen Mawori dukkanmu jirgi ɗaya muke ciki, aka ce su kawo tsarin biya da kansu, in ba haka ba a tura su kasuwar hayaƙi a 2025. A watan Oktoba 2022 gwamnati ta fito da nata tsarin. Lissafin gwamnatin da kanta ya nuna masu tumaki da shanun nama ne za su fi jin jiki, masu madara kuwa da sauƙi. Ƙungiyar Groundswell ta cika titunan garuruwa da taraktoci.

Nan ne siyasa ta shigo da ƙafar dama. Shugaban babbar ƙungiyar manoma ta Federated Farmers, Andrew Hoggard, wanda ya fi kowa sukar tsarin, ya ajiye muƙaminsa a 2023 ya tsaya takara a jam'iyyar ACT. Ardern ta riga ta sauka tun watan Janairu, magajinta Chris Hipkins ma da ya ga zaɓe ya matso sai ya ɗaga ranar fara biya. Bai hana shi faɗuwa ba. Ran 14 ga Oktoba 2023 National ta Christopher Luxon ta yi rinjaye, ta haɗa gwamnati da ACT da New Zealand First, sai ga Hoggard minista, har da riƙe ƙaramin ministan noma. Wanda jiya ke ƙorafi a bakin ƙofa, yau shi ne a cikin ɗaki. A watan Yuni 2024 ministan noma Todd McClay ya bayyana za a cire noma da kiwo daga kasuwar hayaƙi, an rushe He Waka Eke Noa, za a kashe dalar ƙasar miliyan 400 cikin shekara 4 wajen neman dabarun rage iskar. A 2025 kuma aka sanar da rage burin 2050 zuwa kashi 14 zuwa 24.

Mu da muka girma da jangali mun san wannan hanya. Dattawanmu na Kano da Kaduna ba su manta yadda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979 ba. Don haka ba ma ganin laifin makiyayin da ya ƙi biya, hujjarsa ma tana da ƙarfi: in ya rage garke, wata ƙasa za ta cike gurbin, iskar dai ba ta ragu ba. Sai dai wallahi zuciyarmu ta rabu biyu, domin zafin da ake magana a kai mu ne muke koro shanu a cikinsa, mu ne muke ganin tabki ya ƙafe kafin lokacinsa.

Wani abin mamaki, a watan Yunin 2024 ɗin nan Denmak ta bi ɗaya hanyar. Gwamnati da manoma da masu kare muhalli suka amince za a fara biya daga 2030, kurona 300 kan kowane tan, amma da rangwamen da zai mayar da shi 120, kuma babbar ƙungiyar manoman ƙasar na cikin waɗanda suka sa hannu.