Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi muku bayani a kan iskar kabon, watau hayaƙin nan da ke fita in an ƙone kwal ko man fetur, wanda ke ƙara wa duniya zafi. Masana suna lissafinta ta hanya biyu. Ta fari, a ɗora wa wurin da hayaƙin ya tashi. Ta biyu, a bi kayan da aka ƙera har hannun wanda ya saya, a ɗora masa.

Mu ɗauki ƙasar Sin, wadda tun wajen 2006 ta fi kowace ƙasa fid da wannan iska. Arzikinta ya fi taruwa a gabas, wajen bakin teku, a birane irin su Beijin da Shanghai. Amma kwal ɗin da ke ba su lantarki, da yawa daga Shanxi da Mongoliya ta Ciki a ke haƙo shi. Har babbar masana'antar ƙarfe ta Beijin, watau Shougang, an tashe ta zuwa lardin Hebei, aka gama ƙaurar a 2010.

A 2013 waɗansu masana suka buga lissafin shekarar 2007 bisa hanya ta biyu. Suka tarar kashi 57 cikin 100 na hayaƙin ƙasar ya fito ne daga kayan da aka yi amfani da su a wajen lardin da ya ƙera su. A waɗansu lardunan bakin teku kuwa, har kashi 80 na hayaƙin kayan da su ke amfani da su a can lardunan marasa ƙarfi ya tashi.

To, kun ga inda gizo ke saƙar. In hukuma ta bi hanya ta fari kaɗai, sai birni mai arziki ya tura masana'antunsa ƙauye, ya ce ya tsarkaka, alhali bai rage sayen kome ba. Talakan da ya shaƙi hayaƙin kuma shi za a kama da laifi.

A ganina, in mun fita koyarwa, ya kamata mu koya wa yara tambaya guda: wannan abin da ke hannunka, ina aka hura wutarsa? Allah ya ba mu ikon yin adalci.