Hunturu, Lokacin Natsuwa Kafin Bazara

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba iskar hunturu kan fara kaɗowa daga gabas maso arewa, ta ratso hamadar Sahara, ta kwaso ƙura mai tarin yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta zo ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. A watannin Disamba da Janairu sanyi kan kai matuƙa, dare ya yi tsawo, fata ta bushe, leɓe ya tsage, kasuwa ma ba ta cika sai rana ta ɗaga. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan lokaci tamkar wata wahala ce da za a daure har ta wuce. Amma fa mutanen da can sun san shi da wani amfani dabam, watau lokacin da mutum zai zauna ya yi lissafin shekararsa.

A lissafin manoma na gargajiya, shekara tana da taurari 28, kowanne kwana 13, ban da guda mai kwana 14, an kuma raba su bakwai bakwai tsakanin bazara, da damina, da kaka, da ɗari. Rubu'in shekara ke nan aka ware wa sanyi, kuma ba a ɗauke shi lokacin zaman banza ba. Sa'ad da aka gama girbi aka kai hatsi rumbu, maigida kan ƙidaya dammansa, ya auna ko za su kai iyali har wata kakar. Ya ware zangarniya mafi kyau don iri, ya tuna gonar da ta yi albarka da wadda ta gaji, ya fara kai taki. Da dare kuma a hura wuta a tsakar gida, tsofaffi su yi wa yara tatsuniya, almajirai su kewaye wutarsu da alluna.

Itatuwan dajinmu ma suna da abin koyarwa. Kuka kan zubar da ganyenta da rani, ta tsaya tsirara kamar matacciya, alhali kuwa tattalin ruwan da ta tara a gangar jikinta take yi, don ta sake toho in damina ta gabato. Alkama kuwa, wadda ake nomawa a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, ba ta yin kyau sai da sanyi. Ashe ke nan shirun hunturu yana da nasa aikin, ko da ido bai gani ba.

To, zuciyar ɗan Adam ita ma tana gajiya kamar yadda gona take gajiya. Wanda ya shekara yana fama da neman abinci, da bashi, da rigimar gida da ta wurin aiki, in bai sami lokacin da zai tsaya ya numfasa ba, sai ka ga ransa yana saurin ɓaci, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa yanke shawara cikin fushi. Abin damuwa a yau shi ne, dogon daren da kakanninmu suke hutawa da tunani a cikinsa, yanzu wayar hannu ta cinye shi. Mutum zai lulluɓa da bargo yana latse-latse har tsakar dare, ya tashi da safe a gajiye. Kuɗin kaka kuma su tafi a bukukuwa, ba tare da an zauna an yi lissafi ba, sai bazara ta zo da zafinta, hatsi ya yi tsada, a koma neman rance.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi. Mai karatu, ko kai manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikaci, ka ware ɗan lokaci kowane dare, ka ajiye waya, ka ɗauki takarda da alƙalami. Ka rubuta abin da ka samu bana da abin da ka kashe, da bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Ka tuna wanda kuka saɓa da shi, ka nemi sulhu tun abin bai yi tsamari ba. Ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da kake son cim ma kafin ruwa ya sauka, domin buri goma a lokaci guda ba ya cika. Ka kwanta da wuri, gama likitoci sun ce babban mutum yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye. In kuwa damuwa ta yi maka nauyi har ta hana ka ci da barci, kada ka ɓoye, ka gaya wa wanda ka amince da shi, ka kuma je asibiti.

Wajen watan Maris iska za ta juya, hazo ya washe, zafin bazara ya sauko, a shiga sharar gona da gyaran ɗaki, kowa ya koma kai-da-kawowa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi lissafinsa cikin sanyi, shi ne zai tari damina da hankali kwance. Allah ya kai mu lafiya, amin.